Hannun Aro a Hoton Alzuma

A zamanin da nake saurayi a Gaya ta bakin gulbi, in mutum ya tafi Kurmi, can wajen Kumasi, neman abin kansa ba a yarda yana lafiya sai hotonsa ya iso gida. Wasiƙa kowa ya san malami ke rubuta ta, kuma ban taɓa jin malamin da ya rubuta cewa mai aike yana cikin wahala ba. Hoto kuwa yana da ƙa'idarsa. Mutum zai zauna bisa kujera ya fuskanci akwatin ɗaukar hoto, kunnuwa biyu a waje, ƙafafu biyu a ƙasa, hannu biyu bisa gwiwa, yatsu a baje. In hoton ya iso sai matan unguwa su taru su bi shi gaɓa gaɓa, su ƙirga yatsu har goma, sannan a yi wa uwar barka. Wanda ya aiko da rabin jiki, ko ya sa hannu cikin aljihu, ya jawo wa uwarsa zulumi ne kawai, don nan take za a ce akwai abin da yake ɓoyewa.

Yayana Alzuma ya shekara shida a Kurmi ba hoto. Da farko yakan aiko da zane da sabulu, daga baya sai shiru. Shi ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma tambayar matafiya labarinsa. Takan dai yafa mayafi ta je barkar hoton ɗan wata, ta ƙirga yatsun ɗan wata, ta dawo ta ci gaba da aikinta. Ni da nake kusa da ita na san abin yana cinta.

Sai ciwon idon nan na mutanen bakin gulbi ya kama ta. Ta fara da neman wanda zai sa mata zare a allura, har ta kai ba ta gane mai sallama sai ya matso. Wata safiya tana tsintar shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "In ka tahi Kurmi, ka ce ma wancan, idona na ƙarewa." Ni ban taɓa cewa zan tafi Kurmi ba. A bakinta na ji.

Lokacin ba a gina gada ba, a jirgin fito muka haye zuwa Malanbil. Kamiyon da na samu, wato babbar motar kaya, busasshen kifi da buhunan gyaɗa ya ɗauko, mu mutane ƙari ne aka yi a sama. Bayan Kandi ya mutu mana a daji, muka kwana uku ana jiran wani ƙarfe. Garin da Inna ta ƙulle mini ya ƙare a rana ta biyu, don ba a cin abu a gaban mutane a hana su. Na iso Faraku ina warin kifi, har kyanwoyin tasha suna bina.

A Faraku aka fara yi mini wayo. An ce mini ba a shiga ƙasar Ingilishi sai da takardar shaida mai hoto, aka nuna mini wani mai akwati a bakin tashar jirgin ƙasa. Ya zaunar da ni jikin bango, ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, ya ce kada in yi numfashi. Ban yi ba, har na fara ganin duhu. Washegari ya miƙo mini hoton wani mutum mai faɗin fuska da ɗan gemu. Na ce ni kam ba ni da gemu. Ya ce ai akwatin Bature yana ganin abin da ke tafe. Ni ko a lokacin ban san fuskata ba sai a ruwan randa da ɗan fasasshen madubin wanzami, don haka na karɓa har da godiya. Hanyar jirgi duka zuwa Kwatano ina ciro shi ina dubawa, ina jin daɗin irin dattijon da zan zama.

A iyakar Lome ma'aikacin da ya karɓi takardar ya dube ni, ya dubi hoton, ya kira abokan aikinsa su ma su gani. Sai da suka ƙoshi da dariya sannan aka koro ni. Na koma gefen hanya na zauna kan rairayi. Ga teku can tana ta hauka, abin da na daɗe ina son gani, amma ban ko kula ta ba. Tunanina ɗaya ne, kowace rana na ɓata a nan, daga idon Inna take fita.

Kwana biyu ina wurin. A na uku wata mata mai fataucin kifi, ƙatuwa, da lofe a baki, ta tsaya kaina ta yi magana da yarensu. Ban ji ko kalma ba. Ta nuna kwandonta, ta nuna kaina, ta nuna ƙetaren iyaka. Na ɗauki kwandon na bi bayanta. Da muka zo wurin ma'aikatan ta buɗe musu wuta da faɗa, suka matsa mana ba wanda ya nemi takardar ɗan dako. Can gaba ta sauke ni, ta saya mini dafaffen ƙullun masara da barkono, ta tsaya sai da na cinye. Ban san sunanta ba har yau, amma ba na yi wa iyayena addu'a in bar ta.

Kumasi ta ba ni tsoro. Ruwan sama ba lokaci, itatuwa sun rufe sama, kasuwa kuwa in ka shiga da safe sai ka nemi mai fitar da kai. Na sauka zango wurin mutanenmu, na shiga ɗaukar kaya a kasuwa kamar kowa. Wuyana ya kumbura, tafin ƙafata ya tsage. Abin da ya fi damuna shi ne abinci. Sakwararsu ba a tauna ta, haɗiya ake yi, ni kuma cikina fura yake nema da kopto, kwaɗon zogale irin na Inna, wanda take sa wa ƙuli da yawa. In na tambayi labarin Alzuma sai a ce an gan shi bara, ko an ce ya yi yamma. Na lura wasu tsofaffin zango in na ambace shi sai su shiga gyaran hula. Wata uku na yi a haka.

Rigata ce ta yage a kafaɗa na kai wa wani tela, Rafi'u, Bayaraben Faraku mai jin Dendanci kamar a Gaya aka haife shi. Yana ɗinki na ba shi labarin hotona mai gemu. Ya yi dariya har allura ta soke shi, sannan ya ce in dawo ran Lahadi bayan la'asar in ga yadda hoton gaskiya yake.

Su uku ne suke haɗuwa a shagon. Rafi'u, da Kwaku direban motar katako, da Malam Yakuba mutumin Karakara mai gadin wani kanti. Ba wanda hoto ne sana'arsa. Rafi'u da Kwaku kowa yana da ɗan baƙin akwatinsa wanda ake riƙewa a ciki a leƙa ta sama, Malam Yakuba kuma aro yake yi. In an wanko musu hotuna sai su baje kan teburin yanka. Dokarsu ɗaya ce, wanda ya ajiye hoto sai ya faɗi abin da ya sa ya ɗauke shi. Hotunan kuwa da matan Gaya za su gani da sun ce an yi asarar takarda. Rafi'u yana da hoton bayan matarsa guda bakwai, don ta rantse ba za ta juyo wa akwati ba, shi kuma ya ce ai bayan ma nasa ne. Malam Yakuba ya ɗauki wata bishiyar kuka da ya gani a hanyar arewa, ya ce ta yi kama da ta ƙofar gidansu, in kewa ta dame shi ita yake dubawa. Kwaku ya nuna wata tabarma shimfiɗe a inuwa, ba kowa a kanta. Ya ce nan mahaifinsa yake zama, ya yi ta cewa gobe zai ɗauke shi har goben ta ƙare. Ranar na gane ba ni kaɗai ke yawo da gida a cikin ƙirji ba. Na zama na huɗunsu, mai kallo ba akwati.

Lahadi ta biyar ko ta shida Kwaku ya kawo hoton sabuwar motarsa a filin wata ma'aikatar yankan katako. Yana ta yabon tayoyi, ni kuwa idona yana can gefe, inda wani mutum ke zaune bakin ƙofa, ƙarami kamar ƙwayar wake. Fuskar ba ta fito ba. Amma ya karkata kai hagu ya ɗora haɓa kan gwiwa, zaman da babanmu yake yi a cikin jirgi in yana jiran kifi. Na sa yatsa a wurin na tambayi ko wane ne. Kwaku ya ce mai gadin ƙofa ne, Ɗan Faransi suke ce masa, ba ya shiga mutane.

Yini guda muka yi a motar Kwaku cikin daji, ni da Rafi'u da akwatinsa. Alzuma ya gane ni tun daga nesa. Ya miƙe, na zaci zai taro ni, sai na ga yana waige kamar mai neman hanyar gudu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi mutanen gida ɗaya ɗaya, amma hannunsa na dama yana cikin riga bai fito ba. Sai da muka shiga ɗakinsa ya zaro shi ya ajiye a gabana. Babban yatsa da manuni ne kawai suka rage. Zarton inji ya kwashe sauran shekara uku da suka wuce.

Ya ce, "To ka gani. Da wane hannu za ni zama gaban akwati? Su ƙirga su samu bakwai, a gaban Inna?"

Na ce ya zo mu tafi gida. Ya ce ɗan masunta da ba ya iya jefa birgi me zai je ya yi a Gaya, ya zauna a dinga nuna shi? Na faɗa masa saƙon Inna yadda ta faɗa, ban ƙara ko kalma ba. Ya juya mini baya. Na ji haushinsa ranar, na kuma ji tausayinsa, har ban san wanda ya fi yawa ba. Daga ƙarshe ya ce gida kam ba zai je ba, amma in akwai dabarar da Inna za ta gan shi cikakke kafin idon ya rufe, ya yarda.

Dabarar ta Rafi'u ce, kuma sai tela zai yi tunaninta. Ya ce babbar riga ɗaki ce, mutum biyu za su iya zama a cikinta. Aka aro riga wurin limamin garin, aka kafa kujera a rana. Alzuma ya zauna ya maida hannunsa na dama baya. Ni na tsuguna a bayan kujera, aka lulluɓe ni da rigar, na zuro hannuna ta ƙarƙashin hammatarsa na ɗora bisa gwiwarsa, na baje yatsu. Rafi'u ya ce launin fatarmu ɗaya, ko ungozoma ba za ta raba ba. Zafi ya ishe ni, tururuwa suna hawa ƙafata, Rafi'u kuma sai gyara yake, wai hannun ya cika rai, in sassauta shi. Kwaku ya ce in dai hannun zai yi susa to ya sosa wa mai shi. Sai na ji jikin Alzuma yana rawa, ashe dariya yake dannewa. Da ƙyar aka samu ya tsaya cik aka ɗauka.

Da aka yaye rigar na fito jiƙe sharkaf, Alzuma ya dube ni ya fashe da dariyar da na tabbata ya shekara uku bai yi ba. Rafi'u ya miƙo mini akwatin ya ce saura hoto ɗaya a ciki, in gwada hannuna. Na leƙa, na ga yayana cikin tsohuwar singileti yana share hawayen dariya da hannun nan nasa, na danna. Bai ma san na yi ba. Shi ne hoton farko da na ɗauka a duniya, ya fito a karkace, rabin kan Kwaku a ciki. Ran Lahadi da aka baje shi a shago doka ta hau kaina, na buɗe baki in faɗi dalili sai kuka ya zo. Malam Yakuba ya ce a ƙyale ni, ai kukan ya riga ya faɗa.

Na naɗe hotunan biyu a ƙyalle na ɗaure a ƙugu, na kamo hanya. Wannan karon ban tsaya kallon komai ba. Inda mota ta tsaya na sauka na nemi wata, inda babu na taka. Na iso Gaya ana girbin gero.

Kafin in sha ruwa gida ya cika da mata. Na ba da hoton babbar riga, na bar ɗayan a ƙugu. Aka bi shi hannu hannu, aka yaba rigar, aka ce ya yi ƙiba, aka ƙirga yatsu goma cif, aka rangaɗa guɗa. Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa kamar ba ɗanta ake magana ba, in an yi mata barka ta ce madalla. Ni kuwa ina ta murna dabara ta ci.

Da rana ta yi tsaka mata suka watse, sai ta ce in kawo mata takardar nan waje inda haske yake. Ta kai hoton dab da idonta na hagu, wanda ya rage mata, tana matsar da shi kaɗan kaɗan. Ta daɗe a fuskar. Sannan ta gangaro ƙasa, ta tsaya.

"Idi."

Na ce na'am.

"Mi ya kai hannunka bisa gwiwar yayanka?"

Na fara rantse rantse, ta ɗaga mini hannu. Ta ce ita ta wanke hannuwan nan tun suna kamar ɗiyan kaza, nashi irin na ubanshi ne, gajeru masu kauri, nawa kuwa nata ne. Ta ce in gaya mata abu ɗaya, hannun yana jikinsa ko babu. Na kwance ƙyallen na ba ta ɗaya hoton, na faɗa mata komai, tun daga zarton har rigar liman.

Ban taɓa ganin Inna ta kalli wani abu na Alzuma a gaban mutum ba sai ranar. Ta riƙe hoton har inuwa ta juyo ta same mu, ta matsa ta bi rana. Can ta ce, "Dariya shikai." Na ce e, dariya yake. Ta miƙo mini mai babbar rigar ta ce in kai wa matan unguwa su yi ta ƙirga, ta sa ɗayan cikin lalitarta. Sannan ta ce in tafi wurin malam a rubuta wasiƙa, kuma in tsaya kansa kada ya yi mata ado. A rubuta cewa ta gani, kuma ya taho.

Wasiƙa ta tafi da masu komawa Kurmi bayan girbi. Kullum da hantsi Inna takan fito da hoton ta zauna a rana. Da farko tana dubawa, daga baya na lura sau da yawa a kife take riƙe shi, ko kai a ƙasa. Ban taɓa gyara mata ba. Kafin ruwan gulbi ya janye idon ya rufe gaba ɗaya.

Alzuma ya iso ana shirin shuka, da ɗan akwatinsa na ƙarfe da wani ƙunshi da Rafi'u ya aiko mini, tsohon akwatin hotonsa ne. Gida ya cika fiye da ranar da na dawo. Ya shigo ya tsuguna can nesa da tabarmar Inna, yadda ɗan fari yake yi, hannun dama cikin riga, ya yi gaisuwa da murya ƙasa ƙasa. Kowa ya san abin da zai biyo baya, za ta amsa a taƙaice ta kau da kai, wata gwaggo ta yi masa sannu da hanya a madadinta.

Inna ta miƙa hannu wajen da muryar ta fito ta ce, "Matso."

Ya ja gwiwa ya matso, ya ba ta hannun hagu. Ta shafa shi sau ɗaya ta ture.

"Ba wanga ba. Na hoton."

Ya dube ni. Na sunkuyar da kai, don sai lokacin ya san akwai hoto na biyu. Ya zaro hannun a gaban matan da suka ƙirga masa goma, ya ɗora a tafinta. Ta bi shi da yatsunta a hankali, ta taɓa gurbin kowane ɗaya, ta danna tabon.

"Shina ciwo?"

"Ya warke, Inna. Tun tuni."

"To mi ya tsai da kai?"

Ya kifa goshi a kan tabarmar, kafaɗunsa suna rawa, ƙaton mutum mai furfura a gemu. Matan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wasu suna share ido da bakin mayafi. Ƙanwarmu ta kawo fura a ƙwarya ta ajiye a gabansa, ta tsaya tana jiran Inna ta sake shi ya sha. Inna ba ta sake shi ba. Da hagu ya ɗauki ludayin ya sha furar nan har ƙasa, a gaban manya, ba wanda ya ce masa komai.